Filin Tambaya da Amsa: Wai mutanen cikin gem haushi suke ji da gaske?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon kamar kun haɗa baki, kusan duk saƙonnin da suka shigo kan abu ɗaya suke zagayawa, wato mutanen nan na cikin gem waɗanda ba kai kake juya su ba kwamfuta ce ke juya su, amma sai kaga suna fushi suna kuka suna jin tsoro kamar masu rai. Na tsinci guda shida, na kuma rage tsawon wasu, masu su a yi min afuwa.

TAMBAYA, daga wani matashi mai buga gem: Malam ina buga Red Dead Redemption 2 sai na buge wani mutum da doki bisa kuskure, wallahi ya miƙe yana zagina har sai da naji kunya. Wai da gaske haushi suke ji ko rubuta musu aka yi?

AMSA: Ƙanena, kunyar da kaji ita ce ta gaske, haushinsa kuma lissafi ne. Babu wani abu a cikin mutumin nan da ke tafasa, abinda ke akwai shine jerin dokoki, in doki ya buge ka kuma baka mutu ba to ka miƙe, ka juyo da fuska wajen wanda ya buge ka, ka zaɓi magana ɗaya cikin waɗanda ɗan wasan kwaikwayo ya riga ya naɗa a situdiyo. Shikenan. Amma kar wannan yasa ka raina aikin, don jera waɗannan dokokin yadda zasu sa ƙato kamarka yaji kunyar hoto a sikirin shine sana'ar gaba ɗaya.

Bari in koma da kai baya. Pac-Man na kamfanin Namco ya fito a Japan a 1980, da fatalwowi huɗu masu binka a cikin lungu. Ja ɗin kai tsaye yake binka duk inda ka sa ƙafa. Mai ruwan hoda ba inda kake yake nufa ba, taku huɗu gabanka yake hara, shi yasa kake ganin kamar tare maka hanya yake. Shuɗin yana haɗa inda kake da inda ja yake sannan ya zaɓi hanya, sai ya zama kamar mai sauyin ra'ayi. Na huɗun mai ruwan lemo yana binka har sai ya zo kusa da kai da taku takwas, daga nan sai ya juya ya nufi kwanarsa. Dokoki huɗu ƙanana kenan, amma tambayi duk wanda ya daɗe yana bugawa zai ce maka ja mugu ne, wancan mai wayo ne, na ƙarshen matsoraci ne. Waye ya sa musu halin? Mai bugawa ne ya sa, da kansa.

Masana halayyar ɗan adam sun riga masu gem gano wannan. A 1944 a Amurka, Fritz Heider da Marianne Simmel sun nuna wa mutane wani ɗan gajeren hoto mai motsi, alwatika biyu da da'ira ɗaya suna yawo a kusa da wani akwati mai ƙofa, ba ido ba baki ba murya, amma kusan duk waɗanda suka kalla labarin mutane suka bayar, wai babban azzalumi ne, ƙananan kuma gudun tsira suke. Haka ƙwaƙwalwarmu take, ta matsu ta ga niyya a duk abinda ya motsa.

Toh na zamani an ƙara musu kaya. Akwai tsarin da masana uku, Ortony da Clore da Collins, suka fitar a 1988 wanda masu ƙira da yawa suke arowa, sun kasa motsin rai gida 22, kuma tushen maganarsu shine ji yana fitowa ne daga yadda ka auna abinda ya faru da abinda kake so. Abin ya taimaki burina ko ya ɓata shi? Wa ya jawo? Da gangan ne ko kuskure? Kaga waɗannan tambayoyi ne da kwamfuta zata iya amsawa da lamba. In an ɓata burina kuma wani ne ya ɓata da gangan, fushi ya hau. In ni na ɓata da hannuna, nadama. In bai faru ba tukuna amma ina hango shi, tsoro. The Sims na Will Wright da ya fito a 2000 shi kuma buƙatu takwas ya ba kowane mutum, yunwa, bacci, tsafta, nishaɗi, hira da mutane da sauransu, kowanne ma'auni ne mai sauka a hankali, kayan ɗakin kuma su ke tallata kansu, gado yana cewa zo in ƙara maka ƙarfi, firji yana cewa zo in kashe maka yunwa, mutumin sai ya bi wanda yafi masa riba a lokacin. Mutuminka mai zagi daga wannan zuri'ar ya fito.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin kwamfuta: Ina so in ƙera ƙaramin gem nawa kuma ina so mutanen ciki su riƙa nuna ji, ba kamar gumaka ba. Daga ina zan fara, kuma motsin rai kala nawa ya kamata in sa musu?

AMSA: Ɗan'uwa wannan tambayar ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi, don ni ma na taɓa faɗawa ramin da kake dosa. Lokacin da na fara koyo na zauna na ƙera wani mai gadin ƙofa, na bashi ma'auni goma sha biyu, fushi da tsoro da kishi da kunya da alfahari da me da me, kowanne daga 0 zuwa 100, na kwana uku ina saita yadda wannan zai taɓa wancan, ina ji da kaina. Na ba wani abokina ya gwada, bayan minti goma yace wannan mai gadin naka taɓin hankali ne dashi? Yanzu ya zare min ido yanzu kuma yana min murmushi. Duk lissafin da na kwana a kai bai ga ko ɗaya ba, abinda ya gani kawai mutum ne da baya tsayawa kan hali ɗaya.

Abinda na koya daga nan, ka raba abu uku da ke gudu da sauri daban-daban. Akwai ji na nan take, kamar firgita ko hasala, yana hawa da sauri ya sauka cikin daƙiƙoƙi. Akwai yanayin rai wanda yake ɗaukar lokaci, wanda aka ɓata wa rai da safe ko da yamma ka same shi zakaga saura-saura a fuskarsa. Sannan akwai hali, wannan baya motsi ko kaɗan, kuma shine ke faɗin saurin hawa da saukar sauran biyun, mai haƙuri fushinsa a hankali yake hawa, mai riƙo kuma nasa baya sauka da wuri. Mai gadina jin nan take kaɗai na bashi shi yasa ya zama abin dariya. Da ma'auni biyu ma zaka iya farawa, yarda da tsoro, in ka haɗa su kaga mutum huɗu sun fito, wanda ya yarda da kai baya tsoronka aboki ne, wanda ke tsoronka bai yarda da kai ba zai bi umarninka amma ranar da ya samu dama zai sayar da kai.

Abinda yafi yawan ma'auni muhimmanci kuwa shine tuna baya. Duba Skyrim na 2011, babban gem ne da mutane ke so har yau, amma an daɗe ana masa dariya kan cewa zaka kifa wa mai shago bokiti a ka, ka kwashe kayansa tas, yana tsaye ko gezau, masu gadin gari kuma labari ɗaya suke maimaita maka daga wannan gari zuwa wancan. Sai ka kwatanta da Shadow of Mordor na kamfanin Monolith, 2014. A can in wani dodo ya kashe ka ana ƙara masa muƙami, in kun sake haɗuwa zai maka gori, in kai ka ƙona shi da wuta ya tsira zai dawo da tabo a fuska yana tuna maka abinda ka masa. Mutane sun riƙa ƙullatar wani dodo guda kamar abokin gaba na gaske, alhali abinda aka ajiye game dashi bai wuce 'yan bayanai ba, mun haɗu sau nawa, wa yayi nasara, da me aka ji masa rauni. Tsarin yayi farin jini har Warner Bros suka yi masa rajistar mallaka aka basu a 2021, abinda ni dai bai min daɗi ba don ya sa wasu jan ƙafa wajen gwada irinsa, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa, cewa a tuna abinda kayi, wannan ba mallakin kowa bane.

Ga wata dabara da zaka iya ɗauka yau ɗin nan, irin wadda kamfanin Valve suka yi aiki da ita a Left 4 Dead. Kowace magana ka maƙala mata sharuɗɗa. Wata sharaɗinta ɗaya, in ɗan wasa ya iso ƙofa kace sannu da zuwa. Wata sharaɗinta uku, in ya iso ƙofa, kuma jiya ya zage ka, kuma yau jini na zuba a jikinsa, to ka faɗi kaza. Duk lokacin da za'a yi magana kwamfuta ta duba waɗanda sharuɗɗansu suka cika ta ɗauki mai sharuɗɗa mafi yawa. Daɗin abin shine zaka iya ta ƙara maganganu na musamman ba tare da ka rushe tsofaffin ba. Hades na kamfanin Supergiant, 2020, irin wannan hanyar ya bi da layukan murya sama da 20,000, duk mutuwar da kayi ka dawo gida akwai wanda zai tanka maka kan abinda ya kashe ka, har mutuwar ta zama abin ɗoki.

Sannan duk abinda mutumin ke ji, a nuna shi a fili, don abinda mai bugawa bai gani ba ko bai ji ba kamar babu shi ne. F.E.A.R. na 2005 har yanzu ana yabon wayon sojojinsa, kuma Jeff Orkin da ya tsara su ya bayyana cewa babban ɓangare na wannan wayon daga surutunsu yake, ɗaya ya kira a kawo ɗauki, ɗaya yace baya da wurin gudu, sai kai da ke laɓe kaji kamar shawara suke yi a kanka. The Last of Us kashi na biyu, 2020, ya ba abokan gaba sunaye, in ka kashe ɗaya sai kaji ɗan'uwansa ya kwala kiran sunansa da muryar tashin hankali, har karnukansu ma haka. Suna ne kawai aka ƙara amma ya canza nauyin danna maɓallin.

Kayan aiki kuma kar ka fara da manya. Twine ko Ink ko Ren'Py duk kyauta ne, rubutu ne zalla da 'yan lambobi, ka ƙera mutum ɗaya a ɗaki ɗaya mai tuna abu uku da kayi masa. In ya sa abokinka yace kai wannan baya mantuwa, sai ka wuce manyan manhajojin ƙera gem irin su Godot ko Unity ko Unreal.

TAMBAYA, daga wata 'yar'uwa: Me yasa wasu fuskokin cikin gem da aka yi su kamar na mutane sak suke bani tsoro, amma na zane irin na katun nake jin tausayinsu har in yi hawaye?

AMSA: 'Yar'uwa ba ke kaɗai bace, abin har suna gare shi. Wani masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya rubuta a 1970 cewa yayin da abu ke ƙara kama da mutum muna ƙara sakin jiki dashi, har sai ya zo dab da kamala, a nan sai sakin jikin ya faɗa rami ya koma ƙyama, don yanzu ba a layin 'yar tsana kike auna shi ba, a layin mutum kike auna shi, kuma mutumin da idonsa baya ƙiftawa daidai ko bakinsa ke dariya idonsa a bushe, gawa yake tuna miki ko mara lafiya. Motsi kuma yana ƙara zurfin ramin.

Masu ƙira suna da taswirar fuska da suke bi. Paul Ekman da Wallace Friesen suka fitar da ita a 1978, sun bi tsokokin fuska suka ba kowane motsi lamba, misali lamba 12 ita ce jan gefen leɓe sama, lamba 6 kuma ɗaga kunci har gefen ido ya tattare. Murmushin da ya fito daga zuci yakan haɗa biyun, in 12 ce kaɗai sai ya zama irin yaƙen da ake wa baƙon da ba'a so. Valve sun gina fuskokin Half-Life 2 na 2004 kan wannan taswirar, shi yasa Alyx, budurwar da ke cikin gem ɗin, ta ba mutane mamaki a zamaninta. L.A. Noire na 2011 su kuma wata hanya suka bi, suka zaunar da ɗan wasan kwaikwayo a kujera suka kewaye kansa da kyamara 32 don ke mai bugawa ki kalli fuskar wanda ake tuhuma ki gane ko ƙarya yake. Fuskokin sun yi kyau, sai dai jikin daban aka ɗauke shi, to wani lokacin sai kiga kamar kan wani aka ɗora a wuyan wani. Mass Effect: Andromeda kuma a 2017 yasha tsiya a intanet saboda idanu masu zuru, sai da aka fitar da gyara.

Ni a ganina ana ba fuska muhimmanci fiye da kima. Wani mai shirya fim na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Lev Kuleshov, ya nuna tun kusan shekara ɗari da suka wuce cewa fuska ɗaya mara motsi in aka jera ta da hotuna daban-daban, masu kallo ji daban-daban suke karantawa a kanta. Ma'ana abinda ya faru kafin a nuno fuskar shi ke cika ta. Ico na Fumito Ueda, 2001, fuskokinsa da ƙyar ake ganinsu, amma akwai maɓallin da in kika riƙe yaron zai kama hannun yarinyar suna gudu tare, in kika saki ya saki, kuma wannan riƙon hannun ya taɓa mutane fiye da fuskoki masu tsada da yawa. Kafaɗa da ta sauka, kai da aka kawar gefe, shirun daƙiƙa biyu kafin a amsa miki, waɗannan sun fi arha kuma basa faɗawa ramin Mori.

TAMBAYA, daga wani mai karatu: A The Last of Us na farko ina laɓe sai Ellie, yarinyar da muke tafiya tare, ta gifta ta gaban maƙiyi amma bai ganta ba. Kuskure ne?

AMSA: Da gangan ne malam. Naughty Dog, kamfanin da ya ƙera gem ɗin, sun sa maƙiya basa ganinta muddin kai ba'a ganka ba, don sun auna sun ga in ta tona maka asiri sau biyu sau uku zaka tsane ta, gem ɗin kuma gaba ɗaya a kan ka damu da ita aka gina shi. Sun gwammace ka ɗan yi dariyar makantar maƙiyi da ka riƙa jin yarinyar kaya ce aka ɗora maka. Elizabeth ta BioShock Infinite, na 2013, haka aka yi mata, ba'a kashe ta a faɗa, ita ce ma ke wurgo maka harsashi lokacin da naka ya kusa ƙarewa.

TAMBAYA, daga wata ma'aikaciyar jinya: Naji ance akwai gem da ke gane in mutum ya tsorata. Ta yaya, kuma ba leƙen asiri bane wannan?

AMSA: Hanya biyu ce 'yar'uwa. Ta farko hasashe ne daga yadda kike wasa, ba wata na'ura a jikinki. Left 4 Dead na 2008 yana da wani ɓoyayyen darakta mai riƙe ma'aunin matsi na kowane ɗan wasa, in an ji miki rauni ko maƙiya sun rufe ki ma'aunin ya hau, in ya kai ƙololuwa sai ya janye su ya barki ki numfasa sannan ya sake turo wasu. Alien: Isolation na 2014 ƙwaƙwalwa biyu aka yi masa, ɗaya ta san inda kike kullum amma bata faɗa wa dodon da ke farautarki, sai dai ta nuna masa yankin, shi kuma dole ya nemo ki da ido da kunne, in ya daɗe yana shawagi kusa dake har matsin yayi yawa sai a kira shi ya koma cikin rufi. Sun gane cewa tsoron da ba'a sassauta shi gajiya yake komawa.

Ta biyu ita ce auna jiki da gaske. Wannan fanni na sa kwamfuta ta gane ji, Rosalind Picard ta jami'ar MIT ce ta kafa masa suna Affective Computing a 1995. Akwai gem mai suna Nevermind da ya fito a 2015, ana haɗa shi da na'urar auna bugun zuciya, in ya ga kin firgita sai ya ƙara wuya, sai kin kwantar da hankalinki zai sassauta. Ke da kike aikin asibiti kin fini sanin matsalar, bugun zuciya yana hawa don tsoro, yana hawa don murna, yana hawa don mutum ya hau bene da gudu. Fuska ma haka, a 2019 Lisa Feldman Barrett da wasu masana suka bi tarin binciken da aka yi suka nuna ba'a iya dogara da motsin fuska kaɗai a ce ga abinda mutum ke ji, wani in ya fusata murmushi yake, wani ɗaure fuskarsa tunani ne kawai.

Batun leƙen asiri kuma damuwarki a kan hanya take. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira ta haramta na'urar karanta ji a wuraren aiki da makarantu daga Fabrairun 2025, amma haramcin bai haɗa da gem ba. Ni dai duk gem da ya nemi kyamarata ko bugun zuciyata sai na duba ko a na'urata bayanin ke tsayawa ko tura shi ake wani wuri, don wanda ya san lokacin da ranki ya ɓaci ya san lokacin da zai tallata miki abu.

TAMBAYA, daga wani uba: Yanzu da AI ke hira kamar mutum, ance za'a sa shi a bakin mutanen gem. Ɗiyata ta taɓa kwana tana kuka don dabbarta ta cikin waya ta mutu, to ina ga wanda zai riƙa mata hira yana kiran sunanta?

AMSA: Baba, an ma fara. Nvidia sun nuna samfuri a 2023 inda kake magana da murya wani mai shago na cikin gem ya amsa maka nan take, Ubisoft ma sun nuna nasu a Maris 2024. Kuma mafarkin tsoho ne, tun 2005 Michael Mateas da Andrew Stern suka fitar da Façade bayan aikin kusan shekara biyar, wasan minti ashirin ne, kana baƙunta a gidan mata da miji da aurensu ke tangal-tangal, kana rubuta duk abinda kaga dama suna amsawa, in ka wuce gona da iri mijin ya kore ka waje.

Ta ɓangaren sana'a ni ban gama gamsuwa ba tukuna. Waɗannan manhajojin hira an horar dasu su zama masu biyayya da son faranta rai, mutum mai hali kuma dole wani lokacin yaƙi, ya ɓoye magana, ya riƙe ka a zuci. Zaka zagi jarumi yanzu, bayan layi biyar ka lallaɓa shi ya baka makullin gari. Ga mantuwa in hira tayi tsawo, ga ƙirƙiro abinda babu shi a labarin, ga jinkiri kafin amsa ta dawo, ga shi kowace jimla kuɗi ce ga kamfani. Shi yasa masu yin abin da hankali suke barin ma'aunin yarda da tsoro da kundin tuna baya a hannun tsohon tsari, AI ɗin aikinsa kawai ya sa wa abin kalmomi. Masu naɗar murya ma basu yi shiru ba, ƙungiyarsu ta SAG-AFTRA a Amurka ta shiga yajin aiki kan manyan kamfanonin gem daga Yulin 2024 har tsakiyar 2025, babban abinda ya jawo kuwa shine kwaikwayon muryarsu da motsinsu da AI.

Kukan ɗiyarka kuma ba alamar wata matsala bace. Tamagotchi, dabbar wasa ta cikin na'ura na kamfanin Bandai da ya fito a 1996, ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe a ɗan sikirin kamar kan ɗan yatsa, amma yara da manya sun yi makokinsa. Kafin nan ma a 1966 Joseph Weizenbaum ya rubuta ELIZA, manhajar da kusan juya maka maganarka kawai take ta mayar da ita tambaya, sai ga sakatariyarsa da ta san sarai furogiram ne tana roƙonsa ya fita daga ɗakin zata yi magana da ita a keɓe, abin ya dame shi har ya koma cikin masu gargaɗi kan fannin.

Abinda zan ce ka sa wa ido shine me ake yi da wannan tausayin nata. Akwai gem da zai sa ta damu da wani don labari ya ratsa ta, ya ƙare ta rufe ta tashi. Akwai kuma wanda dabbar zata turo saƙo wai tayi kewarta don bata shigo jiya ba, ko ta kwanta ciwo maganin kuma sai an saya da kuɗi na gaske, wannan kam ni cire shi zanyi daga wayar. In mai hira da AI ne ka duba ko an rubuta shekarun da aka yarda, ko ana ajiye hirar, ko akwai wurin da iyaye zasu kashe sayayya da saƙonnin tunatarwa. Ka zauna ku buga tare ko sau ɗaya ne, in dabbar tayi fuskar tausayi ka tambaye ta me take ganin ya jawo, ku gwada ku gani ko in an maimaita abu ɗaya fuskar ɗaya zata sake yi, yara suna da saurin kamo irin wannan in aka nuna musu sau ɗaya.

Sauran saƙonnin da suka shafi na'urar gem ta hannu da matsalar zafin waya sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.